Maɓallin Tsakiya na Malam

Kwamfutar Malam ba ta tashi mutuwa ba sai ana jibi wansa zai zo ɗaukarsa. Na kunna ta da safe, ta yi wani ƙara kamar an jefa tsakuwa a injin markaɗe, daga nan ta yi tsit. Na ce inna lillahi, ke kuma yau kika ga dama?

Mijina tsohon mai zanen taswirar gine-gine ne. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya tafi, ɗaya hannun da ya rage shi ma ya dunƙule, babu mai jin maganarsa a ciki sai yatsan tsakiya. Wani abokin aikinsa ne ya saka masa wata manhaja: haruffa na haskawa a allo ɗaya bayan ɗaya, idan haske ya zo kan wanda yake so sai ya danna. Da haka yake gaya mini shayi ya huce, da haka yake ce mini na cika surutu. Abokin nan kuwa ya riga mu gidan gaskiya, balle in neme shi.

Abin dannawar shi ne tsohon maus ɗinsa na ofis, mai maɓalli uku a jere, da doguwar wutsiya, da faffaɗan kai da ake ɗaurewa da kusoshi biyu a bayan kwamfuta. Ya girmi autarmu. Hannun Malam ya saba da doronsa, ina ɗora shi yatsan nan zai faɗa kan maɓallin tsakiya kamar an auna.

Shi wan nasa, Yaya Babba, a wani gari mai nisa yake, kuma tun da aka kawo dabarar haruffan bai zo ba. A waya ya ce mini, "Ke kaɗai kina ta fama da ƙaton mutum. Ni ina da samari cike da gida. Zan zo in ɗauke shi."

Na ce, "Yaya, ai Malam bai ce zai tafi ba."

"Malam ya ce, Malam bai ce ba. Mutumin da ko ni bai gane ba a asibiti? Ke dai kike rubuta abinki, ki ce shi ne."

Maganar nan ta ƙona ni har ƙashi. Na ce ya zo, gani ya kori ji. To ga shi zai zo, bakin da zan nuna masa kuma ya mutu.

Na kira ƙanina mai gyaran kwamfuta, wanda muke kira Yanzu-Yanzu, don tun yana yaro komai ka ce ya yi, amsarsa ke nan, ga shi har furfura ta fara fito masa bai sake ba. Ya zo ya duba, ya ce faifan ciki ne ya ƙone, sai an sa wani, an sake zuba babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Na ce yaushe? Ya ce yanzu-yanzu. Sai safiyar ranar zuwan Yaya ya dawo da ita a kafaɗa, yana washe baki.

Allah ya sani ya yi ƙoƙari, har manhajar haruffan ya samo. Aka jona komai a teburin da ke gefen gado, na gyara wa Malam zama a kekensa na guragu, na ɗora hannunsa. Haruffa suka fara haskawa. Yatsa ya danna, na ji ƙas da kunnena, amma haske ya wuce abinsa. Ya sake dannawa, ko gezau. Malam ya ɗago ido ya dube ni.

"Ƙaramin abu ne, Anti," in ji Yanzu-Yanzu. Ya gwada da hannunsa. Kibiya na tafiya a allo, na hagu na yi, na dama na yi, na tsakiya ne kaɗai ya ƙi.

Ya zaro sabon maus daga jakarsa, mai jar fitila a ciki. Shi a tsakiyarsa 'yar taya ce, yatsan Malam sai ya murza ta ya zame. Ya mayar da aikin kan maɓallin hagu na tsohon. Kafin Malam ya ja hannu ya kai can, haske ya wuce haruffa da yawa, hannun kuma ya sulale ya faɗo kan cinya. Sai ƙanin nawa ya sosa ƙeya ya ce akwai wata dabara, idan aka danna hagu da dama a tare, kwamfuta za ta ɗauka na tsakiya ne.

"A tare? Mutum mai yatsa ɗaya? Kai, wai da kanka kake tunani ko da hularka?"

"Yi haƙuri, Anti, na sha'afa."

Ya duƙufa a kan wayarsa yana bincike, ni kuma ina safa da marwa tsakanin taga da gado. Can ya ce ya gano. Wai irin wannan maus ɗin harshe biyu gare shi: da ɗaya maɓalli biyu kawai yake ambata, da ɗayan kuma uku. Ya buɗe wani baƙin shafi ya yi rubuce-rubuce, ya saita kwamfutar ta saurari harshen ukun, ya kashe ya kunna. Da ya taɓa maus ɗin sai kibiya ta haukace, tana tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya ce to, kwamfuta ta koma sabon harshe, shi maus ya kafe a tsohon. Ya kifa shi yana neman ɗan makunnin da ake turawa a cikin wasu. Wannan ba shi da komai sai ƙwallo da ƙura.

Wayata ta yi ƙara. Yaya Babba ne, wai sun shigo gari.

Daga nan aka shiga kashe-kunna. Yanzu-Yanzu ya sauya wani abu, ya kashe, ya kunna, ya yi tsaki, ya sake. Malam kuma ya fara wani abu da bai taɓa yi ba. Yana gurnani, yana jan hannu da kafaɗa gaba ɗaya, yana neman hawa maus ɗin a karkace. Na ɗauke hannun na ce, "Ka bari ta tashi tukuna, Malam." Ya sake. Na ba shi ruwa, ya kau da kai. Na tambaye shi ko banɗaki ne, ya runtse ido. Gumi na zuba masa, miyau ya gangaro, na share. A ƙarshe na riƙe hannun gam a cinyarsa, shi yana ja ni ina ja.

Wallahi a lokacin tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a asibiti. Na ce a raina, ko dai Yaya na da gaskiya? Ko hankalin nan ya fara tafiya ne ni ban lura ba?

A haka Yaya Babba ya yi sallama ya same mu. Ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa, ya dubi ƙaninsa yana fizge-fizge, idonsa ya kawo ruwa. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ya ce, "Kin gani ko? Haɗa masa kayansa."

"Yaya, ka zauna ka ba mu ɗan lokaci. Abin da ya rubuta da hannunsa shi za a yi, ni na yarda."

Ya zauna a bakin gado. Kwamfuta ta gama tashi, kibiya na ta haukarta, sai na ji hannun Malam ya saki a cikin nawa, ya daina ja. Yanzu-Yanzu ya kai yatsa zai kashe, allo ya yi baƙi, nan take hannun ya sake fizga. Na yi sak. Ashe ba kowane lokaci yake yi ba, sai allo ya mutu.

Na ce, "Tsaya, kada ka kunna." Na saki hannun. Malam ya ja shi da ƙyar, ya kai yatsan nan kan maɓallin hagu, ya danne, hannun ya zame. Ya dube ni.

"A danne na hagu? Kafin a kunna?"

Ya lumshe ido ya buɗe.

Na sa babban yatsana na danne har farcena ya yi fari. Yanzu-Yanzu ya kunna. Ban saki ba sai da haruffa suka bayyana. Ya tura maus ɗin, kibiya ta tafi sumul. Ya dafe kai ya ce, "Kash! Da ma haka ake juya harshensa! Malam ya san abinsa tun zamanin ofis."

Na ɗora hannun Malam. Haske ya fara zagaye, yatsa ya danna, harafi ya faɗo a allo. Na yi guɗa ban sani ba. Na matsa can jikin bango na harɗe hannuwana, don kada wani ya ce ni ce.

"To Yaya, bismillah, tambaye shi."

Yaya Babba ya matso. "Ka gane ni?"

A hankali, harafi bayan harafi, allo ya nuna: YAYA KA TSUFA.

Yaya ya fashe da dariya haɗe da kuka, yana share ido da hannun riga. Ni kuwa ji nake kamar an yi mini bushara. Na ce, "Malam, gaya masa. Za ka bi shi, ko kana nan a ɗakinka?"

Rubutun ya ɗauki lokaci. Ina kallo ya wuce harafin da nake jira bai danna ba. Na ce ko kuskure ne. Ba kuskure ba ne, don abin da ya fito shi ne: ZAN BI SHI.

Na ce, "Me na yi maka?"

BA KOMAI. BAYANKI.

"Bayana me ya yi? Wa ya ce maka yana ciwo?"

INA JI IN KIN ƊAGA NI.

Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko 'ya'yana. Maganin ma a cikin gwangwanin sukari nake ɓoye shi a kicin. Na dubi wutsiyar maus ɗin nan da kusoshinta biyu, zuciyata ta ce fizge ta ki huta. Raina ya ɓaci, na ji haushinsa, na ji haushin kaina da na wuni ina gumi don a buɗe bakin da zai sallame ni. Haske na ta zagaye haruffa, Malam bai ƙara danna komai ba, ni kawai yake kallo.

Na ce wa Yanzu-Yanzu ya kashe kwamfutar. Ya yi turus, na daka masa tsawa, ya kashe.

"Yaya, taso ka zo nan."

Ya taso da sandarsa. Na nuna masa maɓallin hagu, ya ɗora yatsa sama-sama kamar mai tsoron ƙonewa.

"Danne sosai. Haka za ka yi kullum da safe, kafin ka kunna, kuma kada ka saki sai haruffa sun fito. Ka koya wa samarin naka. Ranar da kuka manta, ba shi da baki, kuma zai yi ta fizge-fizge ku ce hankalinsa ne ya tafi."

Na sa ƙanina ya kunna, Yaya na danne. Sai da na sa shi ya maimaita har hannunsa ya faɗa, sannan na shiga ciki na sauko da akwati.