Sunayen 'Ya'yan Inna Dija

"Kin ce ba ki rubuta suna?" Inna Dija ta tambaya, tana ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi.

Na tallafe ta na jingina ta da bango. Baƙuwar tana zaune a gefen tabarma, kusa da ƙafafun Inna da suka kumbura, ta ɗora wata na'ura mai kama da babbar waya a cinyarta. Sunanta Zinatu. Daga wata jami'a ta zo, cikin masu binciken lafiya da gwamnati ta yarda ta ba su bayanan mutanen da ke haya a gidajenta na bayan garin Anka. Malam Faruku na ofishin gidaje, wanda ya rako ta, ya tsaya a waje ta bakin taga.

"Ba na rubutawa, Inna," in ji Zinatu. "Ofishinsu zai ba mu yawan mutanen kowane gida, da shekarunsu, da daɗewarsu a nan. Mu kuma mu haɗa da abin da kuka faɗa mana na lafiyarku. Amma an cire suna. Lamba ake ba kowane gida. Ko ƙauyen da kuka fito ba a sawa, sai ƙaramar hukuma kawai. In kuma kin ce ba ki so, babu abin da zai taɓa gidanki."

Ni ce maƙwabciyarta, Saudatu. Katanga ɗaya ta raba mu. Mijina Malam Sharu yana koyarwa a firamare, ta haka muka samu gida a layin. Ita kuwa mijinta, marigayi Maccido, gadi ya yi a sakatariya bayan sun baro Tungar Daji, aka ba shi gidan, ya rasu ya bar ta ciki da ɗansu Lado.

Tun da labarin masu binciken ya shigo unguwa hankalin kowa ya tashi. Wasu suka ce dabara ce ta korar matan da mazajensu suka rasu. Wasu suka ce in takarda ta fita daga ofis, ba a san hannun da za ta faɗa ba, kuma rabin mutanen layinmu gudun 'yan bindiga ne ya kawo su. Maza suka yi ta maganar a ƙofar masallaci. Malam Sharu da kansa ya ce mini in sun zo in ce maigida ba ya nan.

Inna Dija ta fi kowa dalilin tsoro. Lado ɗan kabu-kabu ne a da, yana bin hanyar ƙauyuka. Mutanen daji suka tare shi suka ce ya riƙa kai musu man fetur, ya ce to, ya dawo gida bai sake bin hanyar ba. Aka aiko masa cewa suna nemansa. Tun daga nan ya sayar da babur, ya koma faci a lungun bayan kasuwa, ba ya zama a majalisa. Don haka na ɗauka Inna za ta ce a'a ne kawai a wuce wurin.

"In na hwaɗa maki ɗiyana sun mutu shekarar dalma," ta ce, "mi za ki rubuta?"

"Zan rubuta cewa a wannan gida yara sun rasu, da yawansu, da shekarunsu."

"Uku na."

"To zan rubuta uku, Inna."

"Uku ba sunan kowa ba ne, ɗiyata." Ta numfasa. "Wancan karon ma haka anka yi. Likitoci sunka zo, Allah shi saka masu, sun yi aiki. Anka ƙirga, anka hwaɗi a rediyo, ɗari kaza. Ni ban haihi ɗari kaza ba. Ki rubuta sunansu, ni kau in ba ki duk abin da kike so."

Zinatu ta sauke na'urar daga cinyarta. "Inna, in na sa sunayensu, duk wanda ya san Tungar Daji zai gane gidan. In ya gane gidan, ya gane wanda ke kwana a cikinsa. Mun yi alkawari, mun sa hannu. Ba zan iya ba."

Inna Dija ta juyar da fuska wajen bango. "Ku tahi. Ku komo wani lokaci."

A kwanakin da suka biyo baya jikin ya ƙara nauyi. Kumburin ya hau har gwiwa, fuskarta ta cika, fitsari ya ragu. Lado ya kai ta asibitin gari, aka ce ƙoda ce, sai an je Gusau ko Sakkwato wankin ƙoda, kuma ba zuwa ɗaya ba. Ta ce ba za ta sa ɗanta a kan hanyar nan yana kai da komo ba. Aka ba ta magunguna, suka dawo.

Ni nake shiga da hantsi in goge mata jiki, in share ɗakin, in shafa mata man kaɗe a ƙafa. A nan ta fara ba ni labarin da ba ta taɓa ba ni ba duk zamanmu.

Ta ce shekarar da aka gano zinari, duk gidan da ka shiga a ƙauyensu ƙarar turmi kake ji. Maza na kawo dutse a buhu, mata na dakawa a tsakar gida, a wanke a kwano. Garin dutsen ya kwanta a kan komai, har a kan faifan tuwo. Ba wanda ya san da gubar dalma a ciki. Yara na rarrafe a kai, suna sa hannu a baki.

"Nusaiba ta hwara," ta ce. "Ita ta babba cikin ƙananan. Son kitso gare ta kamar budurwa. In ban yi mata ba sai ta ɗauko matsefi ta zamna gabana, ba ta magana, har in aje abin da nike yi. Rannan tana wasa sai ta sandare, ido ya juye. Munka ce iska ce. Anka yi hayaƙi, anka yi rubutu."

Naziru bai daɗe da yaye ba. Shi mai tsoron akuya ne, in ya ga ta doso sai ya shige cikin zanen uwarsa. Hauwa kuwa tana goye, haƙoranta na ƙasa sun fara tsiro. Ba a yi girbin gero ba sai da aka kai su duka makabarta.

"Da anka yi damina biyu ban ƙara gane wane kabari na wa ba," ta ce. "Ƙanana ne, Saudatu. Ƙasa ba ta daɗewa kansu."

Na ci gaba da shafa man. Ta ce babansu ya tafi, mutanen da suka san su sun watse, wasu Gummi, wasu Bukkuyum, wasu ƙasa ta rufe. In ita ma ta tafi, sai dai shi wancan. Haka take kiran Lado, domin ɗan fari ne, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Shi kau ba ya son zancen. In na tada, sai ya hita."

Ranar da Zinatu ta dawo, Lado yana gida. Ya tsuguna a bakin ƙofa, hannunsa baƙi da aikin taya. Ashe labarin ya kai masa.

"Inna, a bari a rubuta sunayen," ya ce, kansa a ƙasa. "In don ni anka hana, sai in bar garin. Akwai abokina Argungu. Ƙannena na, ba zan tare masu ba."

"Ka tahi Argungu wa zai rufe ni?"



Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ɗaga murya kaɗan wajen taga. "Malam Faruku, kana nan?"

"Ina nan, Inna."

"Ita lambar da kuka ba gida, wa ya san ta wane ce?"

"Ni da shugaban ofishinmu. Tana kulle. Su masu binciken ba su gani."

"In an zo maku da bindiga fa? Ko da kuɗɗi?"

Malam Faruku ya sauke murya. "Inna, ba zan yi miki ƙarya kina kwance ba. Ban san abin da gobe za ta kawo ba. Abin da zan iya ce miki, ba za ta fita ta hannuna ba. Ni ma ƙanwata tana zaune layin baya, da yaranta. Daga Nasarawa Burkullu sunka gudo."

Inna Dija ta gyaɗa kai. Ta juyo ga Zinatu. "Wanga bincike naku, yana hana a daka dutse gaban yara?"

"Ba zan ce zai hana ba. Amma in muka nuna cewa waɗanda suka tsira ma ciwon yana bin su har yau, kamar ke, za a iya matsa wa hukuma ta riƙa gwada jinin mutane tun da wuri."

"To rubuta lambarki. Rubuta uku."

Ta amsa duk tambayoyin, a hankali, tana hutawa tsakani. Ruwan da suke sha, shekarun da ta yi tana daka, lokacin da ciwon kai ya fara. Ta dangwala yatsa inda aka nuna mata. Da aka gama, Zinatu ta fara tattara kayanta.

"Kashe abin nan," in ji Inna. "Sa shi cikin jaka."

Zinatu ta kashe, ta sa a jaka, ta ja zif.

"Matso. Wanga ba na gwamnati ba ne, ba na makarantarku ba ne. Ke nika ba. Ce Nusaiba."

"Nusaiba."

"Mai son kitso. Ce Naziru."

"Naziru."

"Ce Hauwa."

Zinatu ta faɗa. Inna ta sa ta maimaita su a jere, kamar yadda ake biya wa yaro karatu, har ta tabbata sun zauna. Na ɗago ido na ga Lado bai fita ba. Yana nan tsugune, ya kifa goshinsa a kan gwiwa.

Bayan wannan ba ta sake tada zancen ba. Ta rage cin abinci, ta rage magana. Wani lokaci ta kan riƙe hannuna ta tambaye ni ko an yi ruwa a ƙauye, ko wake ya yi fure. Lado ya daina zuwa faci. Ya riƙa zama a ɗakin yana yi mata fifita, abin da a da kunya ba ta barin su yi.

Ta rasu wata Laraba da safe, rana ta ɗan ɗaga. Na shigo na tarar numfashinta ya canja, yana zuwa da nisa. Na aika a kira Fatsuma matar liman, muka zauna muna maimaita kalmar shahada kusa da kunnenta. Leɓenta ya motsa sau ɗaya ko biyu. Lado yana riƙe da ƙafarta. A waje mai gyaran tukwane yana wucewa yana kiran sana'arsa, yaran layi suna tafiya makaranta. Fatsuma ta kai hannu ta rufe mata ido, ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Lado bai saki ƙafar ba sai da na taɓa kafaɗarsa.

Mu muka yi mata wanka. Kafin azahar an kai ta.

Malam Faruku ya zo gaisuwa da yamma. Malam Sharu ya tambaye shi maganar gidan, tunda sunan Maccido ke kai, ga shi matar ma ta bi shi. Malam Faruku ya ce doka ba ta fito sarai a kan 'ya'ya ba, amma zai kai maganar sama, kuma kafin nan babu mai zuwa ya ƙwanƙwasa wa Lado ƙofa. Iyakar alkawarin da ya iya ɗauka ke nan, bai ƙara ba.

Ranar sadakar uku mata suka cika tsakar gidan, ana raba gumba. Ban yi zaton ganin Zinatu ba, don an ce sun gama da Anka sun wuce Gummi. Sai ga ta da mayafi, ba jaka, ba na'ura. Ta gaida mutane ta samu gefen tabarma kusa da ni. Fatsuma ta ɗaga hannu tana addu'a, Allah ya jiƙan Dija, ya haskaka kabarinta, ya sada ta da mijinta Maccido. Muna cewa amin.

Daga gefena na ji murya ƙasa-ƙasa. "Da Nusaiba, da Naziru, da Hauwa."

Fatsuma ta ɗan tsaya, ta dubi baƙuwar. Ba ta san su ba. Amma ta karɓa ta faɗe su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, matan suka amsa, har waɗanda ke zaune a bakin ƙofa.

La'asar sakaliya hadari ya taso daga gabas, mata suka watse da sauri. Iska ta fara kaɗa kwanon rufi. Na fito kwashe shanya, na tattara kayan yarana, sai na ga zanen Inna mai ruwan ƙasa a ƙarshen igiya, wanda na wanke washegarin rasuwarta na manta. Na cire shi kada ya jiƙe, na ninke shi huɗu yadda take so. Ɗigon farko ya sauka a bayan hannuna ina tsaye a bakin katanga, zanen a ƙirjina, ɗakinta a buɗe babu kowa ciki.