Kada a Cire Ledar

"Baba, ɗan yi murmushi mana. Ɗago kai. Yawwa!"

Mai hoto ne ke magana, ya durƙusa a tsakar gidanmu, gwiwarsa ɗaya cikin ruwan wankina. Maigidana yana zaune a sabon keken guragu, ledar da aka naɗe kujerar da ita sai ƙara take yi duk ya motsa. Shekara biyu ke nan da ya faɗo daga saman gini, ƙafafunsa suka mutu. Tun da aka dawo da shi daga asibiti bai sake ganin titi ba, sai rufin ɗaki da fuskokin masu dubiya, su ma ɗin sun gaji sun daina zuwa.

Shugabar ƙungiyar da ta kawo keken ta dafa kafaɗarsa da yatsu biyu, idonta na kan kyamara. Wallahi har hawaye na yi don murna. Na kai hannu zan yage ledar, don na ga tana zamar da shi.

"A'a, Mama! Bar ledar nan!" in ji Shugaba.

"Ai zufa za ta sa shi, Hajiya."

"Wannan na nuni ne. Naku yana hanya."

Yana hanya! Ni za a gaya wa hanya? Bara wasu suka zo da katifa, suka kwantar da shi a kai, suka ɗauki hoto, suka naɗe abarsu. Har yau tana hanya. Hoton kam ya iso, ƙanwata ta nuna mini a waya: mijina kwance baki buɗe, an rubuta a ƙasa wai an share masa hawaye.

Direbansu ya matso yana naɗe hannun riga, zai mayar da Maigida kan tabarma. Sai na ga yadda Maigida ya damƙe ƙarfen keken, jijiyoyin hannunsa na magini duk sun tashi. Mutumin da ya ɗora bene hawa uku! Raina ya ɓaci, ɓaci na gaske.

Na sa farce na tsarge ledar daga sama har ƙasa.

"Ke! Kina da hankali kuwa?"

"Da sauransa, Hajiya. Mai hoto, kada ka kashe, ɗauki wannan ma."

* * *

Na tura keken muka fito titi. Mai shayi ne ya fara ganinmu, ya ajiye kofi.

"Kai! Magini! Ashe kana duniya?"

"Ina nan, ɗan nema. Kai ne dai ƙafarka ta fi tawa mutuwa," in ji Maigida. Ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar na manta.

Tela ya baro ɗinkinsa, mata suka leƙo, kafin ka ce me an kewaye mu. Na buɗe murya yadda na ƙarshen layi zai ji:

"Jama'a, ku taya mu godiya! Hajiya ta ba mu keke, halak malak!"

Aka ɗau addu'a, matasa suka ɗaga wayoyi. Shugaba ta fito tana yaƙe. To, wa zai sauke gurgu a ƙasa a gaban waya goma? Ta matso kusa da kunnena, haƙora a cije.

"Ko allura ba za ki ƙara gani daga wurinmu ba."

"Da ma ban taɓa gani ba, Hajiya. Allah ya kiyaye hanya."

Motarsu ta tashi, bayanta wayam.

* * *

Maigida ya ce in kai shi ya ga benen da ya faɗo daga kai, ko sun gama shi. Muna tafe yana ɗaga wa kowa hannu.

A gidan ƙarshen layi muka tarar da wata tsohuwar unguwarmu mai shanyewar ɓarin jiki zaune a ƙofa kan tabarma. An yi mata wanka, an sa mata kayanta masu kyau, har da kwalli. 'Yarta na tsaye a gefe tana leƙen hanya.

"Yaya, sun gama da ku?" ta tambaye ni. "Cewa suka yi daga gidanku nan za su zo, za su kawo wa Inna keke."

Guntun leda na nan maƙale a taya, iska na kaɗa shi.

"Gobe da hantsi ki zo ki ɗauki keken nan," in ji Maigida. "Jibi nawa ne. Haka za mu riƙa yi."

Tsohuwar ba ta ji shi ba. Tana ta gyara ɗankwali da hannunta mai rai, idonta na kan hanyar mota, murmushin da aka ce ta shirya yana nan a rabin fuskarta.