Layi Shida da Suka Maƙale

Shekara tara ke nan tana tsara shafuka a wata ƙaramar maɗaba'a, a teburin bayan ƙofa, kusa da injin yankan takarda. Doguwa ake ce mata, don tsabar gajarta. Aikin ta san shi kamar yunwar cikinta: ta zana akwatin rubutu a shafi, ta haɗa shi da na gaba, in wannan ya cika rubutun ya gangara cikin wancan.

Wani tsohon malamin makaranta ya kawo tarihin rayuwarsa a buga masa. Ta gama tsaf, sai ranar da za a hau inji ya dawo da hoton mahaifiyarsa, ya ce don Allah a saka. Ta cusa shi a shafi na uku, rubutu ya matsa gaba, mai maɗaba'ar na tsaye a kanta yana azalzalarta. Aka buga kwafi ɗari biyu, tsohon ya rarraba.

Bayan mako uku sai ga shi da rana tsaka, littafin a hannu. Ta jawo masa kujera, ya ƙi zama.

"'Yata, duba min ƙarshen nan."

Ta buɗe. Layin ƙarshe cewa ya yi: "Yayana ya cuce ni a kan gidan mahaifinmu." Daga nan sai farar takarda.

"Ba nan na tsaya ba," in ji shi.

Ta nemo aikin a kwamfuta. A kusurwar akwatin ƙarshe ga wata 'yar alama ja, mai nuna akwai sauran rubutu a ɓoye. Ta zana sabon akwati ta haɗa su, sai layi shida suka zubo. A ciki tsohon ya ce haka ya ɗauka shekara talatin, har ya ga takardun gidan ya gane shi ne marar gaskiya, yana roƙon yayansa gafara.

"Saboda su na rubuta littafin," ya ce a hankali. "Bakina ya kasa faɗa masa. Na aika masa asibiti, 'yarsa ta karanta masa har ƙarshe. Ta ce juya fuska kawai ya yi bango."

"Baba, bari in fitar da layukan a takarda yanzu mu je wurinsa tare. Ni zan yi masa bayani."

"Ranar Talata ya rasu."

Mai maɗaba'ar ya matso yana rantsuwa za a sake bugawa gaba ɗaya. Tsohon ya girgiza kai, ya ce shafi guda ya ishe shi. Ta fitar masa. Ya ninke shi huɗu ya sa a aljihu.

"Ni ma ban duba ba kafin in aika," ya ce mata. "Zan kai wa 'yar tasa, in ta yarda ta buɗe min ƙofa."

Da ya fita, Doguwa ta kashe kwamfutar, ta ɗauki jakarta ta tafi gida tun ba a tashi ba. Babu wanda ya tsayar da ita.