Ƙishirwa a Bakin Kwano

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san abin da ya jawo shi. Kwana tara ke nan hawainiyata Ladingo ba ta da lafiya. Wata biyu da suka wuce na tsince ta a cikin damin zogale na yi mata keji, duk da matata Hansatu ta ce sai wanda ya rasa abin kiwo yake kiwon hawainiya. Yanzu ta yi baƙi kamar gindin tukunya, idanunta sun faɗa ciki. Tsoro nake ji kada ta mutu a hannuna.

A mafarkin na sa ta a hulata na nufi asibiti. Asibitin a kan tsamiya yake, kuma da baya ake hawa. Wani bunsuru ne ke yankan kati. Ya rubuta sunana da kyau, ya buga hatimi, ya cinye katin, ya ce in shiga ciki.

Likitar tsohuwar akuya ce mai tabarau a ƙaho. Na miƙa mata hular, ta ture ta gefe.

"A nan in dabba ta kwanta, mai ita ake dubawa. Buɗe baki, Malam Tanimu."

Na buɗe. Ta leƙa ta daɗe, sannan ta ce, "Me take sha?"

"Ranki ya daɗe, ruwan randa mai sanyi, a kwanon tangaran da nake ba surukaina. Kullum sai na sake shi, amma ko kallo bai ishe ta ba. Girman kai ne kawai."

Da zafi na faɗi haka, don ni a gidana ba a taɓa cewa baƙo ya tashi da ƙishirwa ba. Akuya ta rubuta wani abu a ganyen kabeji ta haɗiye.

Sai ga ni a wani ɗaki, an cika mini ciki da ƙuliƙuli mai gishiri, maƙogwarona ya bushe ƙamas. Wasu awaki biyu suka yi sallama, suka shimfiɗa tabarma a gabana, suka ja da baya cikin ladabi.

"Bismillah, ga ruwa."

"Ina?"

"Ga shi nan mun shimfiɗa maka."

Na duba, tabarma ce. Na shafa, tabarma ce. Har lasa na yi, kaba ta karce mini harshe. Ɗaya akuyar ta dubi 'yar'uwarta ta ce, "Wadda muke shimfiɗa wa manyan baƙi ce fa. Girman kai ne kawai."

Daga nan maƙwabtansu suka shigo. Aka ɗauke ni, wannan ya miƙa wa wancan, ana cewa a zo a ga yadda fuskata ke sauyawa. Na so in yi faɗa, sai na tuna haka nake yi wa Ladingo duk sanda abokaina suka zo hira. Kunya ta kama ni.

Sai ga mu a waje, ana ruwa. Daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama, mutane sun juya lemominsu suna tsaye a ciki. Ɗigon da ya taso yakan maƙale a ganyen zogale ya tsaya yana rawa. Ladingo na kan reshe. Ta juya ido ɗaya, ta matsa kamar mai tsoron taka ƙaya, ta lashe ɗigo, ta lashe na biyu. Kore ya fara dawo mata daga wutsiya.

Likitar na gefena tana tauna hulata.

"Ita ba ta san ruwan da ke kwance ba," in ji ta. "Raɓa ta sani. Ka yayyafa wa ganye ruwa safe da yamma. Ka fito da kejin ta sha hantsi, ba ta bayan gilashin taga ba. Farar da kake kamo mata ta ci, ka barbaɗa mata garin ɓawon ƙwai saboda ƙashinta. Sannan ka ɗauke hannunka daga jikinta, ba jaririya ba ce."

"To alhamdulillahi, ai ga shi ta warke."

"Wannan ta mafarki ce. Taka tana can gida, hantsi ɗaya ya rage mata."

Na zabura zan ruga, sai ƙafafuna suka koma tafiyar hawainiya. In ɗaga ƙafa, in yi gaba, in yi baya, kafin in sauke ta. Ga gidana ina hangowa a ƙarshen reshe, ga rana tana ɗagawa.

Ƙarar mai ruwa yana juye jarka a randa ce ta tashe ni. Ko takalmi ban nema ba. Na tsoma hannu na yayyafa wa ganyen kejin ruwa, na fito da shi tsakar gida, na koma nesa na tsuguna. Ladingo ta daɗe ba ta motsa ba, har na fara salati a zuci. Can sai ta buɗe baki a hankali.

Hansatu ta same ni ina share ido da hannun riga.

"Malam, ta mutu ne?"

Na ce, "A'a. Ruwa take sha."