Ba a Kwana a Rami

Malam Dabo ya bar mutanensa a ƙarƙashin ƙasa ranar Laraba, ya rasu ranar Juma'a.

Mutanen nan ba na jini da tsoka ba ne. A cikin wata tsohuwar kwamfuta suke, wadda ɗansa Uwaisu, mai gyaran waya a kasuwar Gwarzo, ya saya a gwanjo. A ciki ya tarar da wani wasa da ya girme shi: ramuka hawa-hawa, bangon dutse, fitila ɗaya, dodanni a lungu. Uwaisu da abokansa suka yi wa zanen dariya, suka ce ko ɗan firamare ya fi haka. Ba a jima ba suka daina zuwa kallon ƙwallo.

Dabo yana zaure yana jinyar ƙafa, ya leƙa, ya ga duhun da ya sani. Shi da maƙwabcinsa Datti sun ƙarar da ƙarfinsu a haƙar rijiya, daga Kutama har Durun, Dabo a ƙasa da diga, Datti a sama riƙe da igiya. Tun da rijiyar burtsatse ta shigo aka daina sallama da su.

Wasan yana ɗaukar mutum huɗu, kowa da sunan da aka ba shi. Dabo ya sa aka rubuta nasa, da na Datti, da na Tasi'u da Maikuɗi, abokan aikinsu da suka riga mu gidan gaskiya. Ya kuma kafa doka: kafin kiran Magariba, sai an hau da kowa gari. Uwaisu ya gaya masa ana iya adana wasan ko'ina, gobe a ɗora. Dabo ya ce shi bai san wannan ba. Ba a kwana a rami.

Datti bai taɓa zama ba. A bakin zaure yake tsayawa, ya ce gemu ya yi asara, tsoho da wasan yara.

"Sunanka na ciki," in ji Dabo. "Kuma kai ne ragon cikinmu."

Datti ya yi tsaki. Amma kullum bayan La'asar sai ga shi, wai inuwar zauren ta fi tasa sanyi. Yakan juya baya ya tambaya ko sun taɓa ruwa. Ba ya tafiya sai ya ji an ce an hau.

Ranar Larabar nan sun yi zurfin da ba su taɓa yi ba, har suka iske wata ƙofar ƙarfe. A nan hannun Dabo ya zame daga madannan kwamfutar, bakinsa ya karkace. Uwaisu ya rufe kwamfutar, aka nemi mota.

Da aka kai shi makwanci, Datti ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. A tsawon zamansu, ranar ce kaɗai Datti yake ƙasa, Dabo yana sama.

Bayan sadakar uku, da masu gaisuwa suka ragu, Datti ya shigo zauren. Tabarmar Dabo tana naɗe a jingine. Ya karɓi gaisuwar Uwaisu a taƙaice.

"Ranar Laraba, kun hau?"

Uwaisu ya sunkuyar da kai. Ya ce ba su samu dama ba, suna nan a bakin ƙofar ƙarfen.

"Buɗe."

Uwaisu ya buɗe, ya yi masa bayani: man fitila ya kusa ƙarewa, Dabo na cikin wasan ya ji rauni, kuma a irin wannan tsohon wasa wanda ya mutu ya mutu ke nan. Ya ce a bari shi ya hau da su, hannunsa ya fi sauri. Datti ya ce igiya tasa ce. Ya cire takalmi, ya zauna.

Yatsunsa sun yi wa madannan girma. Ya buga mutanen wasan da bango, ya juya, ya sake bugawa. Uwaisu yana cewa dama, Baba, yanzu hagu. A wata mararraba dodo ya tare su. Uwaisu ya ce a yi faɗa, za su iya. Datti ya dubi ɗan jan layin da ya rage a ƙarƙashin sunan Dabo, ma'aunin sauran ƙarfinsa, ya ce a ja da baya, a zaga. Suka zaga ta doguwar hanya, fitila tana dusashewa. Gumi ya jiƙa bakin hularsa. A kowace matakala sai leɓɓansa su motsa, kamar yadda yake yi da can in guga ya yi nauyi.

Ladan yana gyaran murya suka fito. Allon ya yi haske: wani ɗan gari, da sama shuɗiya. Sunaye huɗu a jere, babu wanda ya ragu.

Datti ya ɗauke hannunsa. Ya daɗe yana kallon sunan farko, na Dabo.

Uwaisu ya share ido da hannun riga. Ya ce ƙofar ƙarfen nan ita ce ta ƙarshe, kuma mahaifinsa ya so ya ga abin da ke bayanta. In an yi wa Dabo na cikin wasan magani, gobe sai su koma tare.

Datti ya jawo takalminsa.

"A'a. Ya hau. Ba zai sake sauka ba."