Mutum Sha Biyu a Bayan Mota

Hantsi ya ɗaga a Bukkuyum, rana ta fito amma ba ƙarfi, gabas kuwa tun safe take haɗa duhu. Makau yana tsugune a garejin Lauwali makaniki, yana kallon tsohuwar Landirobarsa a kan jak, an cire mata tayoyin baya.

Shekaranjiya ruwa ya kayar da rumbun Inna, mahaifiyarsa, can Adabka. Mata suka taru suka sussuke abin da aka tsamo, aka sami buhu goma sha biyu na geron bara, shi ne abincin gidan har kaka. Buhunan suna jibge a tsakar gida an rufa musu tabarmi, don ɗakunan ma yoyo suke. Kawunsa ya ce a kawo su shagonsa nan Bukkuyum. Sai dai akwai rafi a hanya, in aka sake ruwa yau sai an kwana uku kafin mota ta haye. Zuwa ɗaya ke gare shi, motar kuwa da ta ɗauki buhu bakwai sai bodinta ya zauna a kan taya.

Shi ya sa ya kawo ta a ƙara mata sifirin, wato faifayen ƙarfen nan da ke riƙe nauyin baya. Lauwali ya ciro guda huɗu daga wata matacciyar a-kori-kura, ya ce biyu-biyu kowane gefe sun isa. Aikin da ya ce na awa ɗaya ne ya ƙi ƙarewa. Noti ɗaya ya yi tsatsa, sai da aka ƙona shi da wuta. Da aka jera faifayen sai ƙarfen ɗaurin ya yi gajere, Lauwali ya hau babur neman dogo, ya daɗe, ya dawo yana cin gyaɗa. Makau ba mai faɗa ba ne. Ya dai riƙa tashi yana duban gabas yana komawa ya tsuguna.

Da aka sauke motar, ta tsaya ta ɗaga baya kamar ba ita ba. Lauwali ya ce a gwada ta yadda ake gwadawa, a loda mutane, mutum ɗaya buhu ɗaya. Aka kira ƴan kabu-kabu daga inuwar darbejiya, aka kira mai shayi da mai rake, har aka cika sha biyu da Sani mai faci.

"Wanga dai rabin buhu na, shi ma na dusa," in ji Lauwali yana nuna Sani.

Sani ya ce ai gara shi, Lauwali ko buhun ba ya da, sai igiyar ɗauri. Aka yi dariya, suka yi ta tsalle a bayan motar. Lauwali ya zura hannu tsakanin taya da bodi, yatsu huɗu suka shige. Ya ce ko giwa aka ɗora ba ta zama.

Bayan azahar Makau ya isa Adabka, iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ruwa. Shi da maƙwabcinsu Nababa mai amalanke suka shiga lodi. A buhu na takwas Makau ya zura hannu, yatsu biyu. A na tara, ɗaya. Na goma ya sa bodi ya sumbaci taya. Ya ƙi yarda, ya sa aka ɗora duka sha biyun, ya tayar da mota. Ko tsawon gidan bai wuce ba warin roba mai ƙuna ya tashi, tayar tana kuka.

Ya fito ya tsaya yana kallonta. Ya gaya wa Inna da idonsa ya ga mutum sha biyu a kai.

"Waɗanne mutane?" ta tambaya.

Ya lissafa mata su.

"Makau, kai da ka ɗaukar buhu bisa kai, ka taɓa ganin ɗan kabu-kabun da ya kai buhun gero nauyi?"

Ya tuna maganar rabin buhu da dariyar da shi ma ya yi.

Suka sauke uku a ƙofar gida. Tamfol ɗaya gare shi, ya tsaya da shi a hannu, ya dubi taran da ke mota, ya dubi ukun da ke ƙasa. Inna ta ce ya rufe na mota ya tafi kafin rafi ya kawo, ukun nan Allah na nan. Ya ɗaure igiya, yayyafi ya fara sauka a kan gilashi.

Ya ja motar a hankali, bayanta na ƙara amma tayar ba ta gogawa. Sai da ya kai kwanar masallaci ya dubi madubi. Ya hango Nababa ya kwance ledar da yake rufa wa amalankensa, ya shimfiɗa a kan buhunan uku, yana danne gefe-gefenta da duwatsu. Inna ta riga ta shige ciki kwashe shanya. Nababa ya ɗora dutse na ƙarshe, ya goge hannu a riga, ya nufi wajen shanunsa.