Fuskar Mai Hoto a Bayan Bas

Suna cikin tasi a hanyar asibiti, cunkoso ya tsare su, sai Mai Hoto ta damƙe hannun maƙwabciyarta.

"Tela, dubi bayan bas ɗin can."

Tela ta duba. A gilashin baya an manna sitika, hoto baƙi da fari: budurwa tsaye gaban madubi, kyamara a ƙirji, kai ba ɗankwali, tana dariya. A ƙasa an rubuta "Tsohuwar zuma". Shekara talatin suna katanga ɗaya, wushiryar nan ko cikin dubu Tela za ta gane ta.

Direba, da bai san dawan garin ba, ya ce ai rububinsu ake yi, har kala goma sha biyu ne.

Goma sha biyun ne kuwa. Da hannunta Mai Hoto ta ɗauki hotunan kanta tun tana koyon sana'a, ta adana a gwangwanin biskit ƙarƙashin gado. Ko marigayi mijinta bai taɓa ganinsu ba. Da ciwo ya ci ƙarfinta ta miƙa gwangwanin ga ɗan ƙanenta, wanda ta goya a bayanta, mai shagon buga takardu, ya ƙara wa guda girma saboda 'yarta da ke aure nesa.

"Ɗaya na ce masa," ta faɗa a hankali. "Ɗaya tak."

Bayan kwana uku ɗan ƙanen ya zo da ledar lemo, bakinsa fal zance: wai ya fito da Gwaggo duniya ta san ta, wai abin alfahari ne. Mai Hoto ta juya fuska bango.

"Tela, ki ce masa ya ajiye min gwangwanina ya tafi."

Bai zo da shi ba. Ya ce gobe. Sau biyu Tela tana rufe keken ɗinkinta ta je shagon, sau biyu ana ce mata ya fita, alhali ga motarsa a ƙofa. In ta dawo, Mai Hoto hannuwan Tela kawai take kallo, ba ta tambaya.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Hoto ta cika, Tela na shafa mata mai a ƙafa. A zaman makoki babu wanda ya kai ɗan ƙanen kuka. Ya durƙusa ya gaida Tela, ta wuce shi kamar ba da ita yake ba.

Da la'asar mai ruwa ya tsayar da kurarsa a ƙofar gidan. A jikin wata jarka ga budurwar nan da kyamararta. Tela ta sunkuya ta sa farce, amma gam ɗin ya kama, sai ɗan gefe ya ɓare. Ta tsaya a haka, ruwan da ke tsiyaya daga murfin jarkar yana bin fuskar yana ɗiga a ƙasa.